Ziyarar ɗa mai karatu a Alƙahira: tambayoyin da iyaye ke yi kafin su hau jirgi

A shekarun da na yi ina karatu a Alƙahira, ba na jin akwai hutun da ya zo ya wuce ban je filin jirgi taryen mahaifin wani ko mahaifiyar wani ba. Wasu kwana biyar suke yi, wasu goma, wasu kuma ratse suke yi a kan hanyarsu ta Umara. Tambayoyin da suke aikowa kafin su taso kusan iri ɗaya ne, shi ya sa na tattara su wuri guda. Na rubuta ne ina tunanin iyayen da za su taso daga Kano ko Abuja, amma na Maraɗi da Damagaram ma za su tsinci abin da ya shafe su.

Wane lokaci ya fi dacewa mu zo?

Kafin ku tambayi kuɗin tikiti, ku tambayi yaron ranar da zai gama jarrabawa. Jarrabawar zango na farko kan faɗo ne a wajen Janairu, ta ƙarshen shekara kuma tsakanin Mayu da Yuni. Babu ɗan da zai ce wa mahaifinsa kada ya zo, zai ce "Allah ya kawo ku lafiya, Baba" ko da gobe yake da takarda mafi wuya. Sai ya wuni yana yawo da ku, ya kwana yana karatu, a ƙarshe ya faɗi darasin da zai sa ya maimaita shekara. Na ga hakan da idona.

Lokacin da na fi so shi ne hutun tsakiyar shekara, ƙarshen Janairu zuwa farkon Fabrairu. Yaro ya huta, rana ba ta da zafi, sannan a daidai lokacin ake bajekolin littattafai na Alƙahira, wanda aka fara tun 1969. Malamin da ya shiga wurin sai an janyo shi. Sai dai ku taho da rigar sanyi ta gaske da safa. Mutanenmu kan ɗauka Masar ƙasar zafi ce zalla, alhali da dare a hunturu sanyi kan sauko wajen digiri 10, ga laima, ga gidajen ba abin ɗumama ɗaki. Sanyin ya fi na hunturun Kano shiga ƙashi. Oktoba da Nuwamba ma lafiya lau ne. Daga Maris zuwa Mayu akan yi wata iska mai ƙura da suke kira hamasin, mai ciwon asma ya kiyaye. Yuni zuwa Agusta kuwa zafi ne, ba wanda zai ba Bakano tsoro ba, amma yawo a tsakiyar rairayi da tsakar rana sai mai ƙarfi.

Kwana nawa zai ishe mu?

Bakwai zuwa goma. Ranar farko ta hutu ce, ta ƙarshe ta ɗaure kaya ce. Abin da ya rage ku raba shi biyu: rabi na yawon buɗe ido, rabi na zama da yaro. Wuri biyu a rana ya isa, domin cunkoson motocin Alƙahira kaɗai zai cinye muku awa biyu ko uku kullum.

Waɗanne takardu ake buƙata?

Fasfo mai sauran aƙalla wata shida, biza, da katin allurar rigakafin shawara. Wannan katin kada a yi wasa da shi, Masar na neman sa daga duk wanda ya taso daga ƙasashe irin Najeriya da Nijar, kuma sai allurar ta kwana goma take aiki, don haka ba a fafe gora ranar tafiya. Biza kuwa a ofishin jakadancin Masar ake nema, na Abuja ko na Yamai, kuma sharuɗɗanta kan canza, saboda haka ku ji daga bakin ofishin kansa, ba daga bakin dillali ba. Ku fara da wuri, makonni kafin tafiya. Ku riƙe kwafin fasfon yaron da takardar izinin zamansa, wadda ɗalibai ke kira iƙama, da adireshin masaukinku a rubuce da Larabci. In biza ta ƙare kuna ciki akwai tara a filin jirgi.

Jirgi fa?

EgyptAir na tashi kai tsaye daga Kano da Abuja da Legas, tafiyar awa huɗu zuwa biyar ce daga Arewa. Ga tsoho ko tsohuwa, jirgin kai tsaye ya fi, ko da ya ɗan ɗara tsada, a kan a yada zango a wata ƙasa a yi ta neman ƙofa. Agogon Masar yana gaba da namu da awa ɗaya, daga ƙarshen Afrilu zuwa ƙarshen Oktoba kuma awa biyu, tun da suka dawo da agogon bazara a 2023. Ku gyara agogo tun a jirgi saboda lokutan salla.

Ba sai mu sauka a ɗakin yaron ba, mu huta da kuɗin otal?

In yana Madinatul Bu'us, wato gidan kwanan ɗaliban ƙasashen waje na Azhar da ke Abbasiyya, ba wurin saukar baƙi ba ne. In kuma haya yake yi a Hayyul Ashir ko Darrasa, yawanci su huɗu ne ko biyar a gida ɗaya, banɗaki ɗaya, hawa na biyar babu na'urar hawa. Abokan zamansa za su ce ba komai, su tattara su koma wurin wasu, su takura saboda kunyarku. Hajiya kuwa ba za ta sake a gidan samari ba.

Abin da ya fi shi ne yaron ya kama muku gidan haya mai kaya a ciki, abin da Misirawa ke kira shaƙƙa mafrusha, na mako ɗaya, kusa da inda yake. Ya tabbatar akwai na'urar hawa ko kuma a ƙasa yake. Ga wurin girki, ga falo da zai kawo abokansa su gaishe ku. Amma ɗakin nasa lalle ku je ku gani, zan dawo kan wannan a gaba. Wani ƙaramin abu: soket ɗinsu mai rami biyu ne zagayayyu, cajar Najeriya mai ƙafa uku ba ta shiga sai da mahaɗi.

Me za mu taho masa da shi, me kuma bai kamata ya shiga jakarmu ba?

Yaji, daddawa, kuka, busasshiyar kuɓewa, man shanu da aka soya aka rufe da kyau, dambun nama ko kilishi daidai misali. Ku ninka abin da kuka yi niyya, domin tsarabar ɗalibi ba tasa ba ce shi kaɗai, daren da kuka sauka rabin unguwa zai ji.

Abu biyu nake jan kunne a kai. Na farko magani. Masar ba ta wasa da tiramadol da danginsa. A 2017 wata Baturiyar Ingila ta sha hukuncin ɗaurin shekara 3 saboda an same ta da ƙwayoyinsa kusan 300 a jaka. Maganin hawan jini ko na suga ku bar shi a kwalinsa, tare da takardar likita, daidai kwanakin da za ku yi da ɗan ƙari. Na biyu saƙo. Da zarar an ji za ku Masar, iyayen wasu yaran za su yi ta kawo ƙunshi. Ku karɓa don zumunci, amma a kwance shi a gabanku ku gani. Wanda ya ji haushin a buɗe saƙonsa, ya riƙe abinsa.

Kuɗi fa, nawa za mu riƙe, kuma wa zai riƙa biya?

Ba zan faɗi adadi ba, domin fam ɗin Masar, wanda su ke kira gine, ya sha faɗuwa. A Maris 2024 kaɗai dalar Amurka ta tashi daga wajen fam 31 zuwa kusan 50. Ku taho da dalar Amurka, ku canza kaɗan-kaɗan a banki ko shagon canji mai lasisi, ban da 'yan bayan fage. Manyan wuraren tarihi da dama sun daina karɓar tsabar kuɗi a wurin yankar tikiti, sai kati, don haka yaron ya shirya katin da ke aiki. Ya riƙe katin shaidar ɗalibi kuma, tikitinsa rabin naku ne.

Ga abin da iyaye kan manta. Ɗanku zai so ya nuna muku ya girma, zai riga ku zaro kuɗin tasi da na abinci, daga cikin ɗan abin da kuka aiko masa na wata. Kuna tafiya sai ya koma cin gurasa da wake har ƙarshen wata, kuma ba zai faɗa ba. Tun ranar farko ku damƙa masa kuɗin hidimar tafiyar gaba ɗaya, ku ce ya riƙa biya daga ciki. Kun huta da cinikin da ba ku iya ba, shi kuma ya samu girman jagora.

Ina ya kamata mu fara zuwa?

Masallacin Azhar, kuma in da hali ranar Juma'a. Fatimiyawa ne suka fara gina shi a 970, aka fara salla a cikinsa a 972, kuma har yau bayan salloli za ku ga halƙoƙin karatu, shehi na jingine da ginshiƙi, ɗalibai daga Indonesiya da Senegal da Kano sun kewaye shi. Ku ce wa yaron ya zaunar da ku a darasin da yake halarta, ko na rabin awa ne. Ɗaliban jami'ar da yawa a unguwar Madinat Nasr suke ɗaukar lacca, amma nan ne tushen.

Mu ba baƙi ba ne a wurin nan. Cikin ɓangarorin da aka keɓe wa ɗaliban ƙasashe a Azhar tun da can akwai ruwaƙin Barnawa. Tun a ƙarni na 13 mutanen Kanem suka gina makarantar Malikiyya a Fusɗaɗ, tsohon ɓangaren Alƙahira, wadda aka sani da makarantar Ibn Rashiƙ, domin ɗalibai da alhazansu. Mansa Musa na Mali ya yada zango a garin a 1324. Imam Suyuɗi, wanda ake jan tafsirinsa na Jalalaini a masallatanmu da azumi, mutumin Alƙahira ne, a nan ya rasu a 1505, kuma ya aike da wasiƙar nasiha ga sarakunan Katsina da Agadas. Uban da ya san wannan, in ya tsaya a farfajiyar masallacin, zai ga ɗansa tsohuwar hanya ya biyo.

Daga Azhar tsallaka titi ne zuwa masallacin Husaini da kasuwar Khanul Khalili. A bayan masallacin Azhar kuma akwai lungunan shagunan littattafai, inda kuɗin malamai ke ƙarewa. A Khanul Khalili farashin farko na baƙo ne, ku yi shiru ku bar yaron ya taya.

Wata ranar ku haɗa ganuwar Salahuddini, wadda aka fara ginawa a 1176, da masallacin Muhammad Ali da ke samanta, daga nan ana hango garin duka. Ƙasa da ita akwai masallacin Sultan Hassan, wanda aka fara a 1356, mai zaure huɗu na mazhabobi huɗu. A wurina ya fi na saman kwarjini nesa ba kusa ba. In ƙafa ba ta gaji ba, masallacin Ibn Ɗulun na 879 ba nisa, shiru, ba cunkoso.

Gaskiya ne ana ganin gawar Fir'auna?

Wannan ce tambayar da ba ta taɓa tsallake ni ba. Ana ganin gawarwakin fir'aunoni, da yawa ma. A Afrilu 2021 aka kwashe guda 22, sarakuna 18 da sarauniyoyi 4, daga tsohon gidan tarihi na dandalin Tahrir zuwa gidan tarihin wayewar Masar da ke Fusɗaɗ. Can za ku je, kada a kai ku Tahrir ku yi ta nema. Suna kwance cikin gilashi a wani zaure mai duhu a ƙarƙashin ƙasa, ga gashi, ga farce, ga haƙora. An hana ɗaukar hoto a zauren.

Wanne ne na Annabi Musa? Alƙur'ani bai ambaci sunansa ba, masana kuma sun saɓa. Wasu sun ce Ramsis na Biyu, wasu sun ce ɗansa Marnabtah, kuma dukansu biyun suna wurin. Duk ɗan rakiyar da ya nuna muku guda ya rantse cewa shi ne, ya faɗi abin da ya fi iliminsa. Mahaifiyata da ta tsaya a kan Ramsis ta daɗe tana kallo, sai ta ce, "Ashe ɗan tsamurmurin tsoho ne." Masallacin Amru ɗan Asi, na farko da aka gina a Masar bayan shigar Musulunci a wajen 641, yana kusa, sai ku yi Azahar a can.

Ahram fa, wato dalolin fir'aunoni, tsoho zai iya?

Zai iya, in an je da sassafe kuma an shiga motocin da ke zagayawa da mutane a ciki. Babbar dalar, ta Fir'auna Khufu, ta kai shekara 4,500, tsayinta na asali mita 146. Hoto ba ya nuna girmanta, sai mutum ya tsaya a gindinta ya ga dutse ɗaya ya kai masa ƙirji. Hawa samanta haramun ne a doka. Shiga cikinta kuma tikiti ne daban, a duƙe ake hawa ta wani siririn rami mai zafi, a ƙarshe ɗaki ne da akwatin dutse wayam. Mai ciwon gwiwa ko hawan jini bai yi asarar komai ba in ya zauna a waje.

Masu raƙuma da dawaki za su yi muku caa. Bahaushe bai zo Masar don ya ga raƙumi ba, amma in ana son hoto, a yanke kuɗin hawa da na sauka tun ƙafa tana ƙasa. Kusa da wurin akwai sabon babban gidan tarihi da aka buɗe a Nuwamba 2025, inda aka tara kayan kabarin Fir'auna Tutankhamun sama da 5,000. Faɗinsa ya isa ya gajiyar da saurayi, kada a haɗa shi da Ahram a wuni ɗaya in da dattijo a tafiyar.

Muna son ziyarar kaburburan malamai da Ahlul Baiti. Ko kuma: ba ma son a kai mu can.

Duka biyun na ji, wani lokaci daga miji da mata guda. Kabarin Imam Shafi'i, wanda ya rasu a 204 bayan Hijira, yana maƙabartar Ƙarafa ƙarƙashin wata babbar ƙubba, Imam Laisu ɗan Sa'ad na kusa da shi. Akwai masallatan Sayyida Nafisa da Sayyida Zainab. Ku faɗa wa yaron ra'ayinku tun kafin ya tsara tafiya. In kuka tarar fahimtarsa ta ɗan bambanta da wadda ya baro gida da ita, kada a mayar da mako guda filin muƙabala. Ku saurari hujjarsa, ai don ita kuka biya kuɗin jirgi.

Za mu iya cin abincinsu?

Fiye da yadda kuke zato. Mulukhiyya lalo ce, bamiya kuɓewa ce, karkade zoɓo ne, tamar hindi tsamiya, ɗa'amiyya kuma ƙanwar ƙosai ce. Gurasarsu kamar ta Jakara. Koshari, wato shinkafa da taliya da adas da miyar tumatir, shi ne abincin ɗalibi, ku ci sau ɗaya ku san abin da ɗanku ke rayuwa a kai. Abin da babu shi ne yaji, sai ku sa naku a aljihu. Ruwan gora za ku sha. Ruwan rake na kan titi akwai daɗi, mai suga ya kama bakinsa.

Na yi karatun Larabci a zaure, zan ji maganarsu?

Za su ji ku, ku ne ba za ku ji su ba. Jimun ta koma "ga", ƙafun ta ɓace, ga sauri. Direba na iya yin murmushi in kun yi masa Larabcin littafi, wani har ya ce "sadaƙallahul azim". Kada ku ji haushi, za su kira ku "ya Hag" ko "ya Hagga" su ba ku kujera. Akan samu yaran titi masu jefa wa baƙar fata kalmar tsokana, ɗanku ya saba, a wuce kawai. Kada a ɗauki hoton soja, ɗan sanda ko ginin gwamnati.

Za mu iya leƙa wani gari?

Iskandariyya, kilomita wajen 220, awa uku a jirgin ƙasa daga tashar Ramsis. A je da safe a dawo da dare, a ga Bahar Rum, da ganuwar Ƙayitbai ta 1477, da masallacin Abul Abbas Mursi da na Busiri a gefensa, a ci kifi. Luksor ta yi nisa ga mai mako ɗaya. Dutsen Ɗuri Sina kuwa tsayinsa mita 2,285, cikin dare ake hawa, ƙarshensa matakala ce ta dutse kusan 750. Ba na ba dattijo shawara.

Ta yaya zan gane ko yaron karatu yake yi da gaske?

Yawancin iyaye wannan ce ta kawo su, Ahram fakewa ce. Ba kuma laifi ba ne, zuwa da kai ya fi saƙo. Akwai yaran da suka shekara uku ba su wuce matakin koyon harshe ba, gida kuma ana cewa sun kusa gamawa. Amma titsiye ba ya fito da gaskiya. Ku je ɗakinsa ku zauna, ku dubi littattafan, na karatu ne da aka yi wa rubutu a gefe ko na ado. Ku ce ya kai ku kwalejinsa ku ga ajin. Ku nemi ganin iƙamarsa, domin ɗalibin da ke da rajista mai kyau ba ya rasa ta ko takardar da ke nuna ana kan sabunta ta. Ku sa a yi tuwo a masaukinku ya gayyato abokansa, cikin awa ɗaya za ku san da wa yake tafiya. Ku lura da yadda yake magana da direba da mai shago, da ko ya san hanyar masallacin unguwarsu da Asuba.

Sannan ku keɓe da shi, ku biyu, ba a gaban kowa ba. Kwalekwalen da ake haya a kan Nilu da yamma ya dace da wannan, ba inda za a je, ba mai katse ku. Ku tambaye shi abin da ya fi ba shi wuya. Sau da yawa ba karatun ba ne, kewa ce, ko bashi, ko wani darasi da ya faɗi yana jin nauyin faɗa ta waya. In 'ya mace ce, a bar ta da mahaifiyarta dare guda.

Tunda mun zo, mu ga likita?

Mutanenmu da yawa na zuwa Alƙahira neman lafiya, kuma duba jiki na wuni ɗaya ba zai ɓata tafiya ba. A nemi ganin likitan tun kafin ku taso, ku taho da tsofaffin takardun gwaji. Ku yi hattara da 'yan tsakiya masu cewa su tafinta ne, ana ƙara kasonsu a kan kuɗin asibiti. In aiki ne babba ake tunani, wannan tafiya ce daban da shirinta daban.

Hajiya ce za ta zo ita kaɗai, akwai damuwa?

Babu, muddin yaron na jiranta a ƙofar fita da wayarsa a kunne. A nema mata keken guragu tun wurin sayen tikiti in tafiya na ba ta wuya, ma'aikacin da ke tura ta shi zai bi da ita layin fasfo. A jirgin ƙasa na cikin gari akwai taragon mata zalla a tsakiya, amma ga baƙuwa motar Uber ko Careem ta fi sauƙi, kuɗin a rubuce yake, ba ciniki.

Ranar komawa fa?

Ku auna kaya tun daren jiya. Yawanci jaka biyu ne masu kilo 23, amma ku duba abin da tikitinku ya ce. Littafi nauyi gare shi, tafsiri mai mujalladi goma kaɗai zai cinye rabin jaka, ga jallabiyoyi da abayoyi da dabino na mutanen gida. Abin da ya yi yawa a bar wa yaron ya aiko ta masu jigilar kaya, ɗalibai sun san su. Ku bar masauki awa huɗu kafin tashi saboda cunkoso. Ragowar fam ɗin da ke aljihunku ba shi da amfani a Kano, ku ba shi kafin ku shiga layin bincike, daga nan ba a barin mai rakiya ya wuce.